Yadda Ake Barin Jami'a, a Bi ta Kwalejin Al'umma, a Shiga Jami'ar Kalifoniya

A Amurka akwai ɗalibai da yawa da sukan fara digiri a wata jami'a, su bar ta bayan shekara ɗaya ko biyu, su koma kwalejin al'umma mai karatun shekara biyu, daga can kuma su nemi gurbi a babbar jami'ar gwamnati wadda shigarta ke da wuya. Wani kuɗin makaranta ne ya fi ƙarfin gidansu, wani rashin lafiya ce ta katse masa karatu, wani kuwa ya shiga fannin da bai dace da shi ba, makinsa ya zube. Iyaye sukan ɗauki wannan mataki a matsayin ci-baya, amma a jihar Kalifoniya hanya ce da hukuma da kanta ta shata. Tun a shekarar 1960 babban tsarin ilimin gaba da sakandare na jihar ya raba aiki tsakanin kwalejojin al'umma da jami'o'in gwamnati, ya kuma tanadi cewa wanda ya yi abin kirki a kwaleji a buɗe masa ƙofar jami'a. A yau jihar tana da kwalejojin al'umma 116, Jami'ar Kalifoniya kuma, wadda ake taƙaita sunanta da UC, tana da rassa tara da ke ba da digirin farko, kuma burinta shi ne duk sabbin ɗalibai biyu da ta ɗauka daga sakandare ta ɗauki ɗaya da ya yi canjin makaranta. A reshen Los Angeles, wato UCLA, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu canjin makarantar da ake ɗauka daga kwalejojin al'umma na jihar suke fitowa. Wannan ne ya sa neman canji kai tsaye daga wata jami'a zuwa reshen Berkeley ko UCLA ya fi wuya a kan bi ta kwaleji.

Sai dai wanda ya taɓa zama a jami'a ba daidai yake da yaron da ya fito daga sakandare ya shiga kwaleji ba. Yana ɗauke da tarihin karatu wanda ba ya gogewa, kuma kusan duk matsalar da masu bin wannan hanya ke faɗawa ciki daga wannan tarihin take tasowa. Saboda haka aikin yana farawa tun kafin ka bar jami'ar da kake ciki.

Ka fita ta ƙofa. Idan tsakiyar zango ne, ka je ofishin rajista ka cike takardar janyewa kafin wa'adinta ya wuce, domin a rubuta maka harafin W a kan kwasa-kwasan da ka ajiye, wanda ba ya shiga lissafin maki. Ɗalibin da ya daina zuwa aji kawai ya kama gabansa zai tarar an jera masa F, kuma kowane F sifili ne da zai bi shi har Berkeley. Idan har za ka iya daurewa ka kammala zangon da maki mai kyau, hakan ya fi. Ka biya bashin da makarantar ke binka ko ka yi yarjejeniyar biya da ita, ka karɓi kwafin takardar sakamakonka, sannan ka tattara takardar bayanin kowane kwas da ka yi, wadda malami ke rabawa a makon farko mai ɗauke da littattafai da batutuwan da za a karanta. Mutane suna raina wannan takarda, amma ita za ta zama hujjarka ranar da ake tantama ko kwas ɗin lissafin da ka yi a tsohuwar jami'a daidai yake da wanda ake buƙata.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci ga irin wannan ɗalibi, shi ne ƙirga yunit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas. UC tana ɗaukar masu canji ne a matakin shekara ta uku, kuma sharaɗin shi ne ka kammala aƙalla yunit 60 na semesta, ko 90 na tsarin kwata mai gajerun zanguna, daga kwasa-kwasan da ta amince da su. Wannan kowa ya san shi. Abin da ba a cika sani ba shi ne akwai iyaka ta sama. Kwasa-kwasan matakin farko, wato na shekara ta ɗaya da ta biyu, ko a ina ka yi su, yunit 70 na semesta kaɗai za a lissafa maka, komai yawansu. Amma kwasa-kwasan matakin sama da ka yi a jami'a, da duk wani kwas da ka yi a wani reshen UC, ɗora su ake yi a kan wannan adadi. Idan jimlar ta yi yawa sai a ce ka wuce matakin da ake ɗauka, kuma iyakar tana bambanta daga reshe zuwa reshe, har daga tsangaya zuwa tsangaya, yawanci tsakanin yunit 80 da 90.

Ga misali a kusa. Ɗaliba ta yi shekara biyu da rabi a wata jami'a mai zaman kanta, ta tara yunit 58 na matakin farko da 12 na matakin sama. Ta koma kwalejin al'umma ta ƙara 36. Na matakin farko sun zama 94, aka yanke su zuwa 70, aka ɗora 12 ɗin nan, jimla 82. Wannan adadi zai iya rufe mata wata tsangaya duk da kyan makinta, alhali da ta bar jami'ar zango ɗaya kafin haka, kafin ta taɓa kwasa-kwasan matakin sama, da lissafinta ya tsaya a 70 cif, ko da ta yi shekara uku a kwaleji. Wanda ya riga ya yanke shawarar tafiya, kada ya yi rajistar kwas na matakin sama don cike lokaci. Wanda kuma ya riga ya tara su, ya zauna da mai ba ɗalibai shawara ya fitar da lissafin tun a watan farko, ya san rassan da har yanzu ƙofarsu ke buɗe gare shi. Shi kuwa wanda ya riga ya karɓi digirin farko, ko a wace ƙasa, lissafinsa daban ne, domin yawancin rassa ba sa ɗaukar mai neman digirin farko karo na biyu, sai a wasu fannoni ƙalilan.

Akwai kuma sharaɗin da zai sa a ɗauke ka a matsayin ɗalibin kwalejin al'umma ta Kalifoniya, wanda shi ne ke da fifiko. Dole ka yi aƙalla yunit 30 na semesta, ko 45 na kwata, a kwalejojin jihar, ka yi zango biyu cikakku ban da na bazara, kuma ya kasance kwalejin ce makaranta ta ƙarshe da ka zauna kafin shiga UC. Wanda ya zo ya yi zango ɗaya don a ga sunan kwaleji a takardarsa bai cika wannan sharaɗi ba. A aikace, mafi ƙarancin zaman shekara ɗaya ne, kuma ga wanda zai gyara maki ko ya canza fanni, shekara biyu ta fi zama gaskiya.

Batun maki yana buƙatar a faɗe shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Takardar neman shiga UC tana buƙatar ka lissafa duk wata kwaleji ko jami'a da ka taɓa yin rajista a cikinta, a Amurka ko a waje, da duk kwas da ka ɗauka, har waɗanda ka faɗi. Wasu sukan yi tunanin su ɓoye tsohuwar jami'ar su fara da sabon shafi. Wannan kuskure ne mai tsada, domin akwai rumbun bayanai na ƙasa da makarantun Amurka ke zuba sunayen ɗalibansu, kuma idan aka gano, ana soke gurbin ko da an riga an fara karatu. Matsakaicin makinka, wato GPA, wanda ƙololuwarsa 4.0 ce, ana fitar da shi ne daga dukkan kwasa-kwasan da aka amince da su, tsofaffi da sababbi a haɗe. Mafi ƙarancin da UC ke karɓa shi ne 2.4 ga mazaunin jihar da 2.8 ga wanda ba mazauni ba, amma wannan bakin ƙofa ne kawai. UCLA tana neman 3.2 kafin ma ta duba takardarka, kuma waɗanda ake ɗauka a can da Berkeley yawanci makinsu ya haura 3.5, a fannoni irin su kimiyyar kwamfuta da kasuwanci da tattalin arziki kuwa yana dab da 4.0.

To yaya wanda ya zo da mummunan sakamako zai yi? Hanyar da ta fi tasiri ita ce maimaita kwasa-kwasan da ya samu D ko F. Idan kwas ɗin da aka maimaita a kwaleji daidai yake da na farkon a wurin masu tantancewa, sabon makin ne ke shiga lissafi. A ɗauka ɗalibi ya bar jami'a da yunit 30 a kan 2.3, cikinsu akwai kwas biyu masu yunit huɗu-huɗu da ya faɗi. Idan ya yi yunit 40 a kwaleji duk da A, ba tare da ya taɓa waɗancan biyun ba, matsakaicinsa zai tsaya wajen 3.27. Idan kuwa cikin yunit 40 ɗin akwai maimaicin kwas biyun nan, sifilin ya fita daga lissafi, sai matsakaicin ya kai wajen 3.69. Aiki ɗaya ne, wahala ɗaya, amma tsari ya raba su. Ka kula da abu biyu a nan. Kwas da ka ci da C ko sama, maimaita shi ba ya ƙara maka komai. Kwas kuma da ka faɗi a wani reshen UC, a UC kaɗai ake iya gyara shi, kwaleji ba za ta goge shi ba.

Shiga kwalejin ita kanta ba ta da wuya, domin kwalejojin al'umma suna karɓar duk wanda ya kai shekara 18 ko ya gama sakandare, kuma ana nema ta shafin CCCApply. Zaɓen kwalejin ne ke son tunani. Kwalejin Santa Monica ta shafe fiye da shekara 30 tana kan gaba wajen tura ɗalibai UC, haka kuma De Anza da ke Cupertino da Diablo Valley da ke Pleasant Hill da kwalejin birnin Pasadena sun yi suna a wannan fage. Duk da haka ba na ganin hikima a ce mutum ya ɗauki nauyin haya mai tsada don suna kawai. Abin dubawa shi ne ko kwalejin tana koyar da dukkan kwasa-kwasan da fanninka ke buƙata, ko ana samun wuri a ajin ba tare da jiran shekara guda ba, da kuma ko tana da shirin ɗalibai masu hazaƙa da ke da alaƙa da UCLA, wanda kammala shi ke ba da fifiko wajen shiga babbar tsangayar adabi da kimiyya ta can. An yarda ka ɗauki kwas a kwaleji fiye da ɗaya, kuma da yawa suna yin haka idan tasu ba ta da abin da suke nema.

Daga nan sai ka tsara karatunka daga ƙarshe zuwa farko. Ka fara da fannin da kake so da reshen da kake so, sannan ka buɗe shafin ASSIST, wanda shi ne rumbun hukuma na yarjejeniyar daidaita kwasa-kwasai tsakanin kwalejoji da jami'o'in gwamnatin jihar. Za ka zaɓi shekarar karatu, ka zaɓi kwalejinka, ka zaɓi reshen UC da fannin, sai shafin ya fito da jeri biyu: a gefe ɗaya kwas ɗin jami'ar, a ɗaya gefen kwas ɗin kwalejinka da ke tsaya masa. Inda ka ga an rubuta cewa babu kwas da ya dace, sai ka nemi wata kwalejin da ke da shi. Matsalar ɗalibin da ya fito daga wata jami'a ita ce ASSIST bai san tsohuwar makarantarsa ba, don haka babu tabbacin yadda za a ɗauki kwasa-kwasanta sai masu tantancewa sun duba bayan an nema. A nan ne takardun bayanin kwas da ka adana za su yi amfani. Shawarata ita ce, idan jerin kwasa-kwasai ne masu bin juna, kamar lissafi ko kimiyyar sinadarai, kuma ka yi rabi a can, ka kai takardun wurin sashen da abin ya shafa a kwaleji su duba inda za ka ɗora, kada a bar giɓi a tsakiya, kada kuma ka maimaita abin da ba za a ba ka ladarsa ba.

Ban da kwasa-kwasan fanni, akwai guda bakwai da kowa sai ya ci da C ko sama: biyu na rubutun Turanci, ɗaya na lissafi, da huɗu daga aƙalla rukuni biyu cikin uku, wato fasaha da adabi, ilimin zamantakewa, da kimiyya. Ka gama Turanci da lissafi da wuri, domin masu tantancewa suna son ganin makinsu a takarda, ba alƙawarin za a yi ba. Akwai kuma tsarin kwasa-kwasan gama-gari da ake kira Cal-GETC, wanda ya maye gurbin tsohon IGETC ga sabbin ɗalibai daga kakar 2025. Kammala shi yana sauke maka nauyi bayan ka shiga jami'a, amma ga mai neman injiniyanci ko kimiyya, kwasa-kwasan fanni ne a gaba, kuma wanda ya cika jadawalinsa da na gama-gari ya bar lissafi da fiziks a baya ya yi asara. Berkeley da UCLA suna ɗaukar masu canji a zangon kaka ne kawai, kuma suna son a gama sharuɗɗan kafin ƙarshen zangon da ke ƙarewa a watan Mayu ko Yuni, ba a dogara da karatun hutun bazara ba.

Kada ka rataya komai a kan rassa biyun nan. Rassa shida, wato Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz, suna da yarjejeniyar tabbacin gurbi da ake kira TAG: idan ka cika sharuɗɗan maki da kwasa-kwasan da suka gindaya, gurbinka ya tabbata. Berkeley da UCLA da San Diego ba sa ciki. Ana neman TAG daga 1 zuwa 30 ga Satumba, a reshe ɗaya tak, kuma yin sa ba ya hana ka neman sauran. Wasu fannoni ba sa cikin yarjejeniyar, kuma wanda ya taɓa karatu a wata jami'a ya kamata ya karanta sharuɗɗan reshen da kyau, domin yawan yunit da tsohon sakamako suna iya fitar da shi. Wanda ya cancanci TAG ya ƙi nema saboda zuciyarsa na Berkeley ya saki reshe ya kama ganye, domin waɗannan rassa manyan jami'o'in bincike ne da kansu.

Takardar neman shiga guda ɗaya ce ga dukkan rassa. Tana buɗewa ranar 1 ga Agusta, ana miƙa ta daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, ana biyan dala 80 a kan kowane reshe, ko dala 95 ga ɗalibin ƙasar waje, kuma mai ƙaramin ƙarfi na iya samun rangwamen rassa huɗu. Ba a neman SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a ta Amurka. Za ka amsa tambayoyi huɗu, kowace cikin kalma 350, ɗaya ta dole ce a kan yadda ka shirya wa fanninka, uku kuma ka zaɓa daga cikin bakwai. Akwai wani fili na ƙarin bayani, kuma nan ne wurin da za ka yi maganar tsohuwar jami'a. Ka faɗi abin da ya faru a taƙaice, ko rashin lafiya ne ko aikin dare ko rasuwa a gida, ka faɗi abin da ka canza, ka bar sabon sakamakon ya zama shaida. Doguwar neman afuwa ba ta taimakawa, zargin malamai kuwa ya fi ɓarna. A watan Janairu za ka koma ka shigar da makin zangon kaka da kwasa-kwasan da kake yi, kuma wa'adin da ya kamata ka kiyaye shi ne 31 ga wata. Amsa tana fitowa zuwa ƙarshen Afrilu, ana karɓar gurbi kafin 1 ga Yuni, takardun sakamako na hukuma kuma su isa kafin 1 ga Yuli. Gurbin na sharaɗi ne, saboda haka idan ka ajiye wani kwas ko makinka ya faɗi a zangon ƙarshe, ka sanar da reshen da kanka kafin su gani a takarda.

Kuɗi yana da nasa lissafin. Mazaunin Kalifoniya yana biyan dala 46 a kan kowane yunit na semesta a kwaleji, kuma mai ƙaramin ƙarfi ana iya yafe masa. Wanda ya zo daga wata jiha yana biyan ninki da yawa na wannan, kuma zama mazauni yana buƙatar fiye da shekara guda a jihar tare da shaidar niyyar zama, a UC kuma sharuɗɗan sun fi tsauri ga matashin da iyayensa ke wata jiha. Tallafin gwamnatin tarayya na Pell yana da iyakar semesta 12 a rayuwar ɗalibi, kuma abin da ka ci a tsohuwar jami'a yana cikin lissafi, don haka kada ka ƙarar da shi a kwaleji mai araha ka rasa shi a shekaru biyun da suka fi tsada. Wa'adin neman tallafin jiha na Cal Grant yakan kasance 2 ga Maris.

Ɗalibin da ke Amurka da bizar karatu ta F-1 yana da ƙarin mataki. Kada ya janye daga jami'arsa sai kwalejin ta ɗauke shi, ya kuma nemi ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya miƙa rajistarsa ta SEVIS, wato rumbun gwamnati na bayanan ɗaliban ƙasashen waje, zuwa sabuwar makaranta, wadda za ta ba shi sabuwar takardar I-20 mai shaida cewa ɗalibinta ne. Dole ya riƙa ɗaukar aƙalla yunit 12 kowane zango, kuma wannan biza ba ta ba shi damar zama mazaunin jihar, don haka kuɗin baƙo zai biya a kwaleji da kuma UC. Wanda ya fara digiri a gida, a Jami'ar Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya ko Abdou Moumouni ta Yamai, kafin ya koma Amurka, wannan karatun ma dole ya bayyana shi, kuma kwasa-kwasan aji uku da aji huɗu suna iya shiga lissafin matakin sama da aka yi bayani. Ya nemi takardar sakamakonsa daga gida tun shekara guda kafin a buƙace ta, domin fitar da ita kan ɗauki watanni, kuma idan da Faransanci take ya tanadi fassarar Turanci da aka tabbatar, tare da bayanin kowane kwas.